Furen Tangaran, Kadangaren Tukunya: Ziyara a Zongon Kumasi

Bahaushen da ya sauka Kumasi ba ya daɗewa yana baƙunta. Da ya fito daga hayaniyar kasuwar Kejetia ya nufi Alabar, ya wuce Aboabo ko Asawase, Hausa ce za ta tare shi tun daga bakin mai koko da ƙosai har zuwa kiran sallar azahar. Hausawan waɗannan unguwannin Zongo zuriyar fatake ne, waɗanda kakanninsu suka yi ta safarar goro ta hanyar Gwanja. Da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga a 1892, da yawansu suka gangaro kudu, Zongo ya yi ta cika.

Ba a gidan tarihi na fara ganin baje kolin tangaran mafi kyau a garin ba. A ɗakin wata dattijuwa na gan shi, a Aboabo, cikin wani gidan haya mai tsakar gida ɗaya da ƙofofi barkatai. Kabet ɗinta na gilashi ya cinye bango guda. Farantai a jingine, manya a baya, ƙanana a gaba, kofunan shayi a kife bisa 'ya'yan farantansu, kwanukan miya da murafensu. Kowanne da irin zanensa. Ga fure ja mai ninki bisa ninki, ga reshe mai ƙananan furanni fari da ruwan hoda, ga gora shuɗiya da ganyenta siri-siri kamar iska na kaɗa su. Ta ɗauko kofi ɗaya ta ɗaga shi wajen taga, haske ya ratsa jikinsa, ta ƙyasta shi da farce ya yi ƙara mai tsawo.

"Ka ji, ɗan nan? Na gaske ke nan. Na jeren aurena ne, ba a shan komai a cikinsa."

Na ce, "Hajiya, wannan furen fa, me sunansa?"

Ta ce, "Oho, furen Sin ne. Ni dai na zaɓi mai ganye da fure saboda ɗakin da nake salla ne, ba na son mai hoton dabba."

Tana da gaskiya kan asalinsa. A ƙasar Sin aka ƙware da wannan sana'a, kuma birnin Jingdezhen ya shafe ɗaruruwan shekaru yana ciyar da duniya da ita. Sirrin shi ne farar ƙasa mai tsabta da ake cuɗawa da garin wani dutse, a gasa a wuta mai zafin da ya kai digiri 1,300, har jikin ya narke ya haɗe. Turawa ba su gano yadda ake yi ba sai wajen 1710, a Meissen ta Jamus. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, in ban da gora, duk furannin kabet ɗin nan babu ko ɗaya da ke tsiro a ƙasar Asante, alhali Kumasi gari ne da ake wa kirari da birnin lambu.

Washegari na tafi Cibiyar Al'adu ta Ƙasa, wadda Dakta Alexander Kyerematen ya assasa a farkon shekarun 1950. Fili ne mai inuwa, da gidan tarihin Prempeh na Biyu a ciki, da rumfunan masaƙa kente, masassaƙa, maƙeran tagulla da magina tukwane. A rumfar magina na daɗe. Babu farin tangaran a nan, jar ƙasa ce da baƙa, amma dajin yana jikinta: ganye a zane da tsinke, kunkuru a kan murfi, maciji ya naɗe wuyan tulu. Al'adar tsohuwa ce. Matan Pankrono, can bayan Tafo a hanyar Mampong, da na Afari, da hannu suke gini ba da injin juyi ba, su gasa a fili, su turara tukunyar da hayaƙi tana da zafi har ta yi baƙi sumul. Tukunyar dangi da Asantawa ke yi don makoki takan ɗauki siffar maciji, kwaɗo da tsani. Wannan al'adarsu ce, ba tamu ba, amma duk mai ido zai yarda hannun da ya yi ta ya san halittar da yake kwaikwayo.

Akwai wani zare da ya haɗa wannan ƙasa da gida Najeriya, wanda ban cika jin ana ambata a Zongo ba. A 1942 wani Baturen Ingila magini, Michael Cardew, ya zo koyarwa a kwalejin Achimota. Daga baya ya koma Vume a bakin kogin Volta, inda ya riƙa zana wani furen yankin a jikin kwanukansa. A 1950 ya shiga Najeriya, ya buɗe makarantar gini a Abuja ta da, wato Suleja ta yau, kuma wani ɗan Gana, Kofi Athey, ya bi shi can. A gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya ga tukwanen wata Bagwariya, Ladi Kwali. Ta shiga makarantar a 1954, mace ta farko. Kadangare, kunama, hawainiya, kifi da kada da take tsagawa a jikin randa, su ta kai cikin wuta mai zafi da ruwan ƙyalli, har aka baje su a Landan. Ta rasu a 1984, kuma hotonta ne a bayan naira ashirin. Ba ta ari furen kowa ba.

Sashen fasaha na Achimota kuwa Kumasi aka kawo shi a 1952, shi ne tushen kwalejin zane ta Jami'ar Kwame Nkrumah, inda har yau ake koyar da gini da gashi, kuma magina irin su James Kwame Amoah suka yi suna a can. Daga Aboabo zuwa ƙofar jami'ar tafiyar motar haya ɗaya ce. Farar ƙasa ma akwai ta a Gana, a Saltpond da Teleku Bokazo.

Shi ya sa nake kwaɗayin ganin 'yan matan Zongo a wannan sashe. Hannun da ya iya zanen lalle ya riga ya san yadda reshe ke lanƙwasa. Bishiyar goro tana da fure fari-fari mai jan zane a tsakiya, ga ganyen koko, ga rogo, ga zogalen da ke bayan kusan kowane gida. Mai saye ma yana nan, domin babu amaryar da ake kaiwa ba jere. Abin da ya fi wuya shi ne murhun da zai riƙe zafin digiri 1,300 da kuɗin iskar gas ɗinsa, wanda ya fi ƙarfin mutum ɗaya amma bai fi ƙarfin adashin ƙungiyar matan unguwa ba.