Kunne Ya Girmi Kaka: Sarki Liya a Bakin Watari

Hausawa sun ce kunne ya girmi kaka, watau abin da idon mutum bai riska ba, kunnensa yana iya kawo masa shi. Tun kafin talabijin ya shiga ƙauyuka, Bahaushe ya saba da wasan da ake ji ba a gani. Da dare ake tatsuniya, ba wanda ya taɓa ganin Gizo ko Ƙoƙi, amma kowane yaro ya san su da muryoyinsu. Haka kuma mutane da yawa a Rediyon Kaduna suka fara sanin Samanja na Usman Baba Pategi. Saboda haka kunnen da ya sami irin wannan tarbiyya ba zai rasa abin tsinta ba a cikin manyan wasannin ban tausayi na Ingila, in dai karanta masa su aka yi da murya.

A wani ƙauye na bakin kogin Watari, cikin ƙasar Bagwai ta Jihar Kano, akwai wani tsohon malamin makaranta wanda ya yi ritaya ya koma noma. Ya fara gamuwa da William Shakespeare a kwalejin horon malamai, inda aka ɗora masa wasan Macbeth don jarrabawa. Ya haddace abin da aka ce ya haddace, amma littafin bai taɓa zuciyarsa ba, don kuwa Turancinsa na shekara ɗari huɗu da suka wuce ne, kowane layi sai an koma ƙamus. Ran nan sai aka sa wa ɗalibai faifan garmaho, ɗaya daga cikin jerin da kamfanin Argo ya ɗauka tsakanin 1957 da 1964, sa'ad da British Council ta sa ƙungiyar Marlowe ta Jami'ar Kambirij ta karanta dukkan wasannin Shakespeare a ƙarƙashin George Rylands. Da ya ji matar Makbes tana sambatu cikin barci, tana ta wanke jinin da ya ƙi wankuwa, sai tsigar jikinsa ta tashi. Kalmomin da suka gagare shi a takarda, murya ta fassara masa su. Tun daga ranar bai rabu da sauraron waɗannan wasanni ba, daga faifai zuwa kaset, daga kaset zuwa wayar hannu.

Amma wanda ya fi kama shi da girma ya zo shi ne King Lear, watau Sarki Liya, wanda aka yi a gaban Sarki Jemis na Ingila a 1606, aka buga shi a 1608. Labarin wani tsohon sarki ne da ya yi niyyar raba ƙasarsa ga 'ya'yansa mata uku tun yana da rai, ya ce kowace ta faɗi iyakar son da take yi masa. Manyan biyu, Gonaril da Rigan, suka cika shi da daɗin baki, suka sami rabonsu. Autar, Kodiliya, ta ƙi yin fadanci, ya kore ta hannu rabbana. Ya ajiye wa kansa barade 100, sai 'ya'yan nan biyu suka nemi rage su zuwa 50, sa'an nan 25, daga bisani suka ce ko ɗaya ba ya bukata. Ƙarshenta tsohon ya kwana a daji, hadari yana dukansa, hankalinsa ya gushe.

To, mutumin Watari ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan labari. A wannan yanki gona tana jingine da gona, ba sauran daji da za a sare, ƙasa kuwa ba ta hutawa sai dai a ciyar da ita da taki. Tun da aka gina madatsar ruwan Watari wajen 1980 aka shiga noman rani, ɗan fegin da ke kusa da ruwa ya yi daraja ƙwarai. Malamin yana da gandu, yana da 'ya'ya, kuma biyu daga cikinsu sun daɗe suna lallashinsa. "Baba, ka huta haka nan, ka raba mana, mu za mu ci da kai." Wata 'yarsa da ke aure a ƙauyen gaba ba ta taɓa ce masa uffan a kan gona ba, sai dai duk ranar kasuwa ta aiko masa da fura.

Abin da sauraro ya koya masa, wanda karatu bai koya masa ba, shi ne nauyin murya da nauyin shiru. A takarda jawabin Gonaril ya fi na Kodiliya tsawo da ado, har mai karatu yana iya ruɗuwa kamar yadda sarkin ya ruɗu. A faifai kuwa, kunne yana jin santsin da ya yi yawa a muryar babbar, yana kuma jin yadda autar take haɗiye magana. Ya saurari Paul Scofield a faifan Caedmon na 1965, muryarsa kakkaura mai kaushi, ta sarkin da har yanzu ake tsoro. Ya kuma saurari John Gielgud a wasan da BBC ta watsa a 1994, shekarar da ya cika 90, muryar tsufa ta gaske wadda take rawa. Da na farko ya ji laifin Liya, da na biyu ya ji tausayinsa, alhali kuwa kalmomin ɗaya ne.

Akwai kuma wurin da mai sauraro ya fi mai kallo riba. An ƙwaƙule idanun wani basarake, Gulosta, ya roƙi jagoransa ya kai shi bakin dutsen Doba don ya faɗa ya mutu. Jagoran nan ɗansa ne Edga, wanda ya ɓad da kama, sai ya tsayar da shi a fili shimfiɗaɗɗe yana siffanta masa zurfin da babu shi. Mai kallo yana ganin dandamali a shimfiɗe, ya san dabara ce. Mai sauraro kuwa makaho ne kamar Gulosta, ba shi da abin dogara sai muryar jagora, don haka tare suke faɗawa.

A 1681 Nahum Tate ya sake wa wasan ƙarshe, ya bar Kodiliya da rai, ya mayar da Liya kan gadonsa, kuma da wannan aka yi ta wasa a Ingila har 1838. Malamin bai yarda da wannan gyara ba, domin a ganinsa mutuwar Kodiliya ita ce ta sa gargaɗin ya shiga. Da kaka ta yi, ya tara 'ya'yansa a zaure, ya ƙara wa kowane namiji gayauna, ya yanka wa 'yar tasa fegi a bakin ruwa, ya riƙe gandu da rumbu a hannunsa. Ya ce sauran kuwa, in ta Allah ta kasance, shari'a ta riga ta raba. Bai tambayi kowa iyakar son da yake yi masa ba.