Teburin da ya haɗa fuskokinmu

Mujallar da na fara koyon aikin jarida a cikinta a Kaduna, a farkon shekarun 1990, ƙarama ce ƙwarai. 'Yan ɗakuna muka kama haya a saman bene, kuma babu kuɗin kiran masanin tsara ofis. Sai dai Allah ya ba mu edita mai ido. Ya taɓa zuwa kwas ƙasar waje, ya ga yadda manyan jaridu ke zaunar da masu tace labari a lanƙwasasshen tebur, shugabansu a tsakiya, su kuma sun kewaye shi ta waje. Da ya dawo ya ce shi ma irinsa yake so, ya aika kasuwar Panteka aka kira wani dattijon kafinta.

Ina nan ranar da Baba kafinta ya zo awo. Bai nemi zane a takarda ba. Ya miƙo mini bakin igiya ya ce, "Yaro, danne nan da yatsa, kada ka motsa." Ya ɗaura alli a ɗaya bakin, ya zagaya ɗakin a sunkuye, sannan ya rage tsawon igiyar ya sake zagayawa. Tsakanin layukan nan biyu shi ne faɗin teburin. Edita ya tambaye shi inda ya koyi wannan dabara, ya ce, "Ranka ya daɗe, ai haka ake fitar da tushen kago a garinmu." Wurin lanƙwasa falankin gefe kuwa, tsaga-tsaga ya yi masa da zarto ta baya, kusa da kusa, ba tare da ya ratsa ba, ya jiƙa shi, ya riƙa tanƙwara shi a hankali har ya bi layin allin. Da aka gama, aka shimfiɗa masa fomaika, sai ya fito kamar munduwa mai buɗaɗɗen baki, ta nan edita ke shiga ya zauna.

Aikin mujalla a lokacin aikin hannu ne. A rubuta da biro, a buga a tafireta, a tace, a kai wa mai jera rubutu, a dawo da dogayen takardu a yanka da almakashi a manna da gam a kan shafi. Tafiretocinmu ba su da haruffa masu lanƙwasa, saboda haka duk ƙ da ɗ da ɓ sai an bi su da alƙalami ɗaya bayan ɗaya an yi musu ƙugiya. Takarda ɗaya takan ratsa hannuwa da yawa kafin ta kwanta, kuma a teburin nan ba wanda ke tashi don ya miƙa ta. Edita ya juya kujerarsa kawai, hannunsa ya kai ga kowa.

Abin da ya fi wannan daraja a wurina shi ne kowa na kallon fuskar kowa. Idan jimla ta cije maka, sai ka ɗaga kai ka karanta ta da ƙarfi. Bazazzagi ya ce ba haka ake faɗa ba, Basakkwace ya kawo tasa, Hajiya mai buga tafireta, wadda ta fi mu duka sanin ƙa'idar haɗa kalma da raba ta, ta yanke hukunci ba tare da ta daina bugu ba. Lokacin rikicin da ya biyo bayan soke zaɓen 12 ga Yunin 1993, kanun labari ɗaya na iya jawo a rufe gidan jarida. A zaman nan ake auna kowace kalma, kuma ƙaramin ma'aikaci ma yana da bakin magana, domin teburin ba shi da kai ba shi da wutsiya. Ni a nan na koyi Hausar rubutu, da kunne.

Daga baya na gane cewa zaman bai zo mana baƙo ba ne saboda da shi muka tashi. Zauren gidan kakana a karkara kewayayye ne, dattawa na jingine da bango suna fuskantar juna. Magina Hausawa kuma sun daɗe da sanin lanƙwasa. Duk wanda ya shiga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ya ɗaga kai ya ga bakan gizo da aka ɗaura da azara da ƙasa, zai fahimci yadda baka ke ɗaukar nauyin rufi ta bar tsakiya fili ba tare da cunkoson ginshiƙai ba.

A wata mujallar gine-gine na taɓa ganin hoton hedikwatar kamfanin ɗab'i na Mondadori a Segrate, kusa da Milan a Italiya, inda a wancan lokaci ake fitar da mujallu irin su Grazia. Oscar Niemeyer, mutumin Brazil, shi ya zana ta, aka gama a 1975: dogayen bakuna na kankare, wani mai faɗi wani matsattse, ga tafki a gabansu. Ta burge ni matuƙa, kuma raina ya yi fari da na ga masu dukiya ma sun yarda cewa gidan rubutu ya cancanci a fitar da shi daga kusurwa huɗu.

Teburinmu yana da nasa aibu. Ya ci katako fiye da miƙaƙƙe, saboda yankan lanƙwasa yana barin ɓarna. Durowa ba ta zauna masa daidai ba. Mai rubuta dogon sharhi kuma sai ya gudu baranda saboda surutu. Da kwamfutoci masu ƙaton ƙeya suka shigo, suka tsaya tsakanin fuska da fuska, sannan muka koma sabon ofis inda aka yanka wa kowa akurkinsa, yana kallon allon katako. Teburin ya ƙi bi ta matakala, dole aka raba shi da zarto. Aiki ya ƙara sauri, ban musa ba, amma kurakuran da a da ake kamawa da baki sai suka fara fitowa a bugu, kuma yaran da suka zo bayanmu ba su sami wanda za su ɗaga kai su tambaya ba.

Yanzu kwamfuta ta zama siririya, ba ta tare fuskar kowa, kafintoci masu iya wannan aiki kuma suna nan a kasuwanninmu. Saboda haka ina roƙon masu buɗe gidajen jarida da mujallu na Hausa: ku ware ɗaki ɗaya shiru domin mai dogon rubutu, amma masu tace labari ku zaunar da su a tebur mai zagaye, tsoho kusa da yaro.