Filin da Majalisa Ba Ta Zancensa

A bakin titin da ya taso daga Katsina ya nufi Kano, daidai inda ya ratsa garin Kankiya, akwai wani teburin mai shayi da majalisa ke haɗuwa kowane dare bayan sallar isha'i. Yawanci mutum takwas ne ko tara: ma'aikacin ƙaramar hukuma, direban motar haya, mai shagon magani, wani Alhaji mai sayar da hatsi, ɗalibai biyu na makarantar koyon aikin lafiya ta garin, da wani dattijo da kowa ke kira Malam. Malam mutumin Kusada ne, aiki ya kawo shi Kankiya. Ya shekara 35 yana koyar da wasanni da motsa jiki a makarantun sakandaren gwamnati kafin ya yi ritaya, kuma har yau usur ɗinsa na cikin aljihun rigarsa, kusa da carbi.

Babu labarin da ke wuce wannan majalisa. Abin da aka ji da safe a BBC Hausa, da wanda aka gani da rana a Facebook, da wanda direba ya kwaso a tasha, duk a nan ake baje su. An yanke wa gwamnatin tarayya hukunci a kan farashin mai ba sau ɗaya ba. An kori masu horar da Manchester United da Chelsea tun kafin shugabannin ƙungiyoyin su yi tunanin haka. Hausawa sun ce ra'ayi riga, kowa da irin tasa, kuma a teburin nan ba wanda ke zuwa tsirara.

Wani dare, ana tsakiyar gardama a kan wani bugun fanareti da aka bayar a Landan, Malam ya ajiye kofinsa ya ce: "Jama'a, shekara huɗu ke nan ba a yi gasar gidaje ba a makarantar can. Filin ma an noma gyaɗa a kusurwarsa ta gabas, 'yan acaba sun yanka hanya ta tsakiyarsa."

Majalisa ta yi tsit. Mai shayi ya ƙara wa tukunya ruwa. Can sai Alhaji ya ce, "Allah Ya kyauta," direba ya amsa da "Amin," aka koma kan fanareti.

Abin da shirun ya ƙunsa

Malam bai yi mamaki ba, domin ya san abin da kowa ya sani. Wanda ya noma gyaɗar surukin direba ne. Shugaban makarantar ɗan ƙanin mahaifin mai shagon magani ne. Shugaban ƙungiyar iyaye da malamai kuwa, shi ke bai wa Alhaji buhunan masara bashi. Filin bai kai tafiyar minti goma daga teburin ba, kuma wannan kusancin ne ya ɗaure harsuna.

Ra'ayi a kan abin da ke nesa kyauta ne. Wanda ya caccaki minista a Kankiya zai kwana lafiya, gobe kuma ba zai haɗu da ministan a wurin suna ko jana'iza ba. Ra'ayi a kan abin da ke kusa kuwa bashi ne da ake biya da zumunci. Wanda ya ce an ci filin makaranta, kamar ya kira suna ne ko da bai kira ba, kuma kafin gari ya waye maganar ta isa gidan da ta shafa, ta ƙara kitse a hanya. A garin da aure da ciniki da sahun masallaci suka sarƙe mutane, kunya da kara su ne shingen da ke hana zaman tare rushewa. Sai dai shingen nan ba ya tantancewa: yadda yake tare ɓatanci, haka yake tare gyara.

Akwai dalili na biyu. Labarin nesa yana zuwa a dafe. Tun 1957 da BBC ta fara shirye-shirye da Hausa, kunnen Bahaushe ya saba da karɓar labarin duniya a tsare, da ɓangarorinsa biyu da masu sharhinsa. Wayar hannu ta ƙara saurin abin. Labarin filin makaranta kuwa ɗanye ne. Ba wakilin da zai aiko da rahotonsa, ba mai sharhin da zai ba mutum kalmomin da zai ara. Duk mai son yin magana a kansa sai ya taka da ƙafarsa ya auna, ya tambaya, ya ɗauki nauyin abin da ya faɗa.

Yadda fili ya mutu

A gidan Malam akwai wani tsohon littafin rajista mai baƙin bango. A ciki ya rubuta sakamakon kowace gasar gidaje da ya shirya: wanda ya ci tseren mita 100, gidan da ya ɗauki tseren miƙa sanda, nisan dogon tsalle, har da waɗanda suka yi fice a langa a shekarun da ya sa ta cikin jerin wasanni. Idan ya buɗe shi yakan nuna suna ya ce wannan yanzu soja ne, wannan malamin asibiti, wannan ya rasu. Shafi na ƙarshe da aka cika na farkon 2020 ne.

A watan Maris na shekarar aka rufe makarantun ƙasar saboda annobar korona. Ba a daɗe da komawa ba, a daren 11 ga Disamba 2020, 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara suka kwashe ɗalibai fiye da 300. An sako su ranar 17 ga watan, amma gwamnatin Aminu Bello Masari ta riga ta rufe makarantu, kuma wani abu ya sauya a zukatan iyaye har a garuruwan da harin bai kai ba. Tara ɗaruruwan yara a fili da yamma, da ganga da baƙi daga wasu garuruwa, ya zama abin da shugaban makaranta zai yi dogon tunani kafin ya sa hannu a kansa. Idan aka soke gasa ba mai tuhumarsa. Idan aka yi ta wani abu ya faru, sunansa za a kira.

Fili kuwa ba ya zama fanko. Shekara ta farko ciyawa ta rufe layuka. Ta biyu, gara ta ci turakun raga. Ta uku, maƙwabci ya ga ƙasa mai kyau tana zaune a banza, ya matsa da kunyarsa taku biyar. Ba wanda ya yanke shawarar kashe wasanni. Kowa ya yi abin da ya fi masa sauƙi ne a lokacinsa.

Abin da ke ci wa Malam rai shi ne, al'adar tana da dogon tarihi a wannan jihar. Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, ta ɗauki wasa a matsayin ɓangaren tarbiyya, daidai da darasin aji. A can Ahmadu Bello ya ƙware a wasan ƙwallon hannu da ake bugawa a jikin bango, wanda Turawa suka kawo daga makarantar Eton ta Ingila, kuma bai bar shi ba har ya zama Firimiyan Arewa. Tsarin raba ɗalibai gida-gida, kowane gida da shugabansa, a irin waɗannan makarantu ya kafu. Malam yakan ce a fili ne yaro ke fara koyon abubuwa uku da aji ba ya koyarwa: ya bi dokar da ba ubansa ya kafa ba, ya sha kaye a bainar jama'a ba tare da ya ɗauki dutse ba, ya kuma miƙa wa wanda ya kayar da shi hannu.

Wata takwas a gida

Ranar 14 ga Fabrairu 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta shiga yajin aiki. Ɗan ƙanwar Malam, wanda ke aji biyu a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ya tattaro kayansa ya dawo Kusada da zaton hutun mako huɗu ne. Sai ranar 14 ga Oktoba aka janye yajin.

A watannin farko saurayin ya zama gwanin muhawara. Ya san tarihin yarjejeniyar 2009 tsakanin ƙungiyar da gwamnati, ya san rigimar tsarin biyan albashi na IPPIS, ya san abin da ministan ƙwadago Chris Ngige ya faɗa jiya da martanin da aka mayar masa yau. Yana rubutu a Facebook har tsakar dare, ana yaba masa, ana zaginsa. Kuma yana da gaskiyarsa: shekararsa ce ake ci, ba ta wani ba.

Wata Juma'a Malam ya je Kusada gaisuwa, ya same shi a zaure da waya a hannu.

"Kai kuwa, wa ka kayar yau?"

"Kawu, mutanen nan ba su fahimci komai ba."

"To, ministan ya ji ka?"

Saurayin ya yi dariya. Malam ya zaro usur ya ɗora masa a cinya. "Yaran unguwar nan suna buga ƙwallon tsumma a bayan firamare. Su za su ji ka."

Ya karɓa don kunyar kawunsa. Kafin damina ta tsaya yana da yara ashirin da biyu da ke jiransa bayan la'asar. Ya raba su gida biyu, ya koya musu jifa daga gefe da tsayuwar masu tsaron baya. Bai daina rubutu a kan yajin aiki ba, amma rubutun ya ragu, ya kuma yi taushi, wataƙila domin wanda ya taɓa raba gardamar yara biyu a kan ko ƙwallo ta fita ya san cewa kowane ɓangare yana ganin layin daga inda yake tsaye. Da aka koma jami'a ya bar wa babba a cikinsu usur ɗin. Malam ya sayi wani.

Hujjar Alhaji

Zalunci ne a ce majalisa ba ta da amfani. A farkon 2023, lokacin da sauya fasalin naira ya ƙafar da kuɗi a hannun jama'a, a teburin nan mutane suka riƙa sanin inda za a samu tsaba da nawa ake cira. Bayan 29 ga Mayu na shekarar, da aka sanar da janye tallafin mai, lita ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, a nan direba ya yi wa kowa lissafin abin da zai biyo baya. Labarin nesa yana shigowa har cikin tukunya, don haka zancensa ba ɓata lokaci ba ne.

A kan wannan Alhaji ya tsaya, daren da Malam ya sake tayar da maganar. "Malam, ka yi haƙuri. Yaron da bai karya ba ne zai yi tseren mita 400? Da wane kuɗi za a ɗauki mota a kai yara Kusada wasa? A gyara sama tukuna, ƙasa za ta gyaru."

Malam bai musa ba. Ya ce yunwa gaskiya ce, kuɗin mota ma gaskiya ne. Sai dai gasar gidaje a cikin makaranta ake yin ta, ba ta bukatar mota. Tana bukatar toka, da igiyar awo, da malamai huɗu, da izinin mutum ɗaya. Farashin mai kuwa, ko majalisa ta kwana a kansa ba za ta rage masa kwabo ba. "Abin da hannunmu bai kai ba, mun ba shi dare dubu," in ji shi. "Wanda hannunmu ya kai, dare ɗaya ya gagara."

Bayan an cire gyaɗa

Malam bai ƙara kawo zancen teburin ba. Ya gane cewa majalisa wurin faɗa ce, kuma maganar kusa hanyarta daban. Ya jira kaka ta yi, aka cire gyaɗa, domin kada a ce ya zo raba mutum da amfaninsa. Sannan ya roƙi direba ya raka shi gidan surukin nasa. Suka gaisa, aka tambayi iyali da gajiyar aiki, aka sha ruwa. Malam bai ce an ci fili ba. Ya ce yana so a yi wa yara gasa bayan hutu, kuma ya zo neman shawarar maƙwabcin makaranta a kan inda layin gabas ya kamata ya tsaya.

Dattijon ya daɗe yana kallon ƙasa. Daga bisani ya ce jikansa ma yana makarantar, kuma shi bai ga ana amfani da wurin ba ne. Ya janye taku uku cikin biyar. Malam ya yi godiya kamar an ba shi duka.

Shugaban makaranta ya ce zai duba, zai kuma tuntuɓi na sama. Hanyar 'yan acaba tana nan. Turakun raga ba a samu ba tukuna. Amma wata Asabar da sassafe an ga Malam a filin da bokitin toka, yara shida na riƙe masa igiya, yana tafe a sunkuye yana fitar da layin tseren mita 100. Da dare ya zo majalisa da toka a bakin wandonsa. Ana gardamar wanda zai ɗauki kofin Firimiya. Mai shagon magani ya dubi wandon, ya dubi Malam, ya rage murya ya ce, "Malam, turakun nan, ƙarfe ake so ko katako zai yi?"