Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Takardun Neman Tallafin Zuwa Taro

Da yawa daga cikinmu masu nazarin harshe muna da burin wata rana mu tsaya gaban masana mu karanta maƙala. Tarurrukan kuwa suna nan. Akwai na Ƙungiyar Nazarin Harsunan Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1965. Akwai taron shekara-shekara na ACAL da aka fara a Amurka a 1970, ga kuma WOCAL, wanda aka fara a Swaziland a 1994, aka yi na goma sha ɗaya a Nairobi a 2024. Sai dai karɓar maƙala daban, kuɗin tafiya daban, a tsakaninsu kuma akwai tarin takardu da ba a koyar da su a aji.

Ni dai ban kai ga digiri na biyu ba tukuna. Abin da na sani a kan wannan batu na same shi ne daga wani yayana na unguwa. A Ijora ta Legas aka haife mu duka biyu, ni Bayarabe, shi Bahaushe, kuma a tsakar gidansu na tsinci Hausar da nake karantawa yau, domin ba a nono na sha ta ba. Da aka karɓi maƙalarsa a wani taro a Turai lokacin yana digiri na biyu, ni na zama mai buga masa takardu a kwamfuta, saboda haka komai a gabana aka yi.

Abu na farko da ya kamata ɗalibi ya sani shi ne wa zai roƙa. Mutane kan ce a nemi TETFund, asusun da aka yi wa doka a 2011, amma tallafinsa na halartar taro na ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne. Ɗalibin da ba ma'aikaci ba sai ya dubi masu shirya taron, ko wata gidauniya, ko jami'arsa in tana da irin wannan tanadi. Kowannensu da sharuɗɗansa, amma takardun ilimi kusan iri ɗaya suke nema: wasiƙar karɓar maƙala, tsakuren maƙalar, taƙaitaccen tarihin karatu, shaidar cewa mutum ɗalibi ne a wannan zangon, da wasiƙar malamin da ke duba aikinsa. Waɗannan ba su ba mu wahala ba. Illa dai ita wasiƙar malami, a kai masa tsakure da ranar rufewa tun da wuri, don kada ya rubuta irin wasiƙar nan ta "yaron kirki ne" wadda ba ta ce komai a kan binciken ba.

Sai kasafin kuɗi. A nan ba a son ƙiyasin baki. Kuɗin jirgi a haɗa da shaidar farashi daga kamfanin jirgi ko dillalin tikiti, kuɗin masauki da na rajista a ɗauko daga sanarwar taron, kuma a rubuta ranar da aka duba canji. Wanda ya ga yadda naira ta faɗi bayan watan Yuni na 2023 ya san dalili.

Inda gizo ke saƙar shi ne fasfo. Masu tallafin sun nemi hoton shafin farko na fasfo, shi kuwa Yaya bai taɓa yi ba. Kuɗin ma ba kaɗan ba ne: daga 1 ga Satumba 2025 mai shafi 32 ya koma naira 100,000, mai shafi 64 kuma naira 200,000. Amma ba kuɗin ne ya tsayar da shi ba, suna ne. Bayanan fasfo dole su dace da na lambar NIN, shi kuwa sunansa kala uku ne a takardu. A ce sunan mutum Muhammadu. Malamin firamare a Legas ya rubuta Mohammed, a sakandare ya zama Muhammed, ma'aikacin banki kuma ya rubuta Muhammad. A wata takardar sunan mahaifi ne a ƙarshe, a wata kuma sunan garin kakanni, kamar yadda Hausawa da yawa suke yi. Mu a aji mun san wannan duk suna ɗaya ne, har ma muna iya bayanin yadda Hausa ke ƙara wasali a ƙarshen kalmar aro. Kwamfuta ba ta yi wannan darasin ba. Harafi ɗaya ya bambanta, a wurinta mutum biyu ne.

Bayan suna sai asali. Ana neman takardar shaida daga ƙaramar hukuma, kuma a nan ɗan zango yake gane matsayinsa a takarda. Kakan Yaya ne ya sauko Legas da fataucin goro, mahaifinsa ma a nan aka haife shi. Yarabancinsa har ya fi nawa zaƙi in muna ciniki a kasuwa. Duk da haka takardar asalinsa tana can Arewa, a garin da bai fi sau uku ya taka ba, inda sai an sami dattijon da zai ce ya san gidansu. Na tuna ya dube ni yana dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce, "Ƙanena, a nan ni ɗan Arewa ne, a can kuma ɗan Ikko. To wa zai sa mini hannu?" Na ce, "Yaya, ai sai ka hau mota." Haka kuwa aka yi, kwana biyu a hanya zuwa, kwana biyu dawowa. Ga takardar rantsuwa a kotu, ga sanarwa a jarida, ga jiran gyaran suna, kowane mataki da nasa kwanakin, kuma ba a tsallake ɗaya a yi na gaba. Masu tallafin kuwa mako uku suka bayar.

Ko da fasfo ya samu, biza na jira. Ta ƙasashen Schengen kuɗinta ya koma yuro 90 a watan Yuni na 2024, kuma ana neman inshorar lafiya da ta kai ta yuro 30,000, da wasiƙar gayyata, da shaidar masauki, da shaidar wanda zai ɗauki nauyi. A nan ne ake zagaye kamar jakin da aka ɗaure a turke: ofishin jakadanci na son ganin kuɗi, mai ba da kuɗi wani lokaci yana son ganin biza. Mafita ita ce a roƙi masu tallafin wasiƙa mai ɗauke da adadin abin da suka yi alkawari, a haɗa ta da takardun biza. A ganina, gidauniyar da ke son ɗaliban Afirka su halarci taro da gaske, ita ya kamata ta ba da wannan wasiƙa ba sai an roƙa ba.

Taron da ake yi a ƙasashen ECOWAS ya fi sauƙi, tunda ba a neman biza, sai fasfo ko takardar tafiya ta ƙungiyar, da katin rigakafin zazzaɓin shawara. Sai dai Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, don haka mai zuwa Yamai ya yi tambaya kafin ya tashi.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, tallafi da yawa biyan baya ne. Mutum zai kashe nasa, ya dawo ya miƙa rasit da katin shiga jirgi da shaidar halarta, sannan a biya shi. Ɗalibin da ba shi da wanda zai ranta masa, ya karanta wannan sharaɗi da kyau kafin ya fara murna.

Shi dai Yaya fasfonsa ya fito bayan an rufe karɓar takardu da kwana tara. Masu taron sun yarda ya gabatar ta intanet. A shagon wani mai buga takardu a Ijora ya karanta maƙalar tasa, wadda ya yi a kan kalmomin Yarabanci a bakin Hausawan Legas, ni kuma ina tsaye a bakin ƙofa ina roƙon mai janareta na maƙwabta ya ba mu minti ashirin.