Fadamar Haɗejiya, Inda Fili Ɗaya Ke Ciyar da Gida Uku

A wurinmu mutanen arewacin Katsina ruwa baƙo ne, ya zo da damina ya yi 'yan watanninsa ya tafi. Shi ya sa wanda ya taso a irin ƙasarmu, idan ya bi hanyar Gujungu ya doshi Haɗejiya da kaka, dole ya riƙe baki. Dama da hagu shinkafa ce har iyakar ganinka, ruwa kwance a ƙarƙashinta, zalɓe da balbela suna kiwo a gefe. Can kuma sai ka hango tudun yashi ya miƙe, gero da riɗi a kansa, gari a ƙwanƙolinsa. Haka ƙasar take, tudu da fadama suna bin juna, kuma duk garin da ka gani a kan tudu aka kafa shi, don magabata sun san inda ruwa ke tsayawa.

Kogin Kano da na Challawa ne suke haɗuwa kafin a kai Wudil su zama Kogin Haɗejiya. Idan ya wuce Ringim ƙasa takan baje, gudunsa ya ragu, sai ya fara rarrabuwa. Reshe ɗaya ya bi ta Kafin Hausa. Gabas da birnin Haɗejiya kuma ga Marma da ke kai ruwa tafkin Nguru, ga Burum Gana, ga tsohuwar hanyar kogin. Sai wajen Gashuwa abin da ya rage yake gamuwa da ruwan Jama'are, su zama Komadugu Yobe, su nufi Tafkin Cadi.

A takarda tsarin mulkin a fili yake. Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Kano a 1991, tana da ƙananan hukumomi 27, takwas daga ciki a masarautar Haɗejiya suke: Haɗejiya, Auyo, Kafin Hausa, Kaugama, Malam Madori, Birniwa, Kiri Kasamma da Guri. Gefe da wannan ga sarauta, daga Mai Martaba Sarki Adamu Abubakar Maje, wanda ya hau gado a 2002, zuwa hakimai da dagatai, har a sauko kan bulama. Masarauta ce mai ji da kanta, kuma tana da hujja. A nan Sarki Buhari ya yi wa Sakkwato tsaye a tsakiyar ƙarni na 19, a nan kuma Sarki Muhammadu ya zaɓi shahada a kan miƙa wuya ga Turawa a watan Afrilun 1906.

Amma abin da ya fi kama mini hankali ba a fada na gan shi ba, a wani ƙauye ne na ƙasar Kiri Kasamma, a ƙofar gidan bulama. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, barka da hutawa." Ya ce, "Malam, sannu da hanya, matso inuwa." Muna zaune mutane na ta zuwa, kowa da tasa, kuma duk maganar ba ta wuce fili ɗaya ba. Da na saurara sai na gane cewa a nan fegi guda yana da masu haƙƙi uku, kowanne da lokacinsa. Ruwa na cika, na masunci ne, ya kafa dumbarsa ya dasa tarkon mali, ya kama tarwaɗa da ƙarfasa. Ruwa na ja da baya, manomi ya yanke shinkafa, ya bi danshi da wake ko kankana, mai injin ban ruwa ya zuba alkama da tattasai. An kwashe amfani, Bafillatani ya shigo da shanu su ci kara da harawa su bar taki. Ba wanda ya rubuta wannan jadawali. Yana kan bulama da sarkin ruwa da arɗo, su ne suka san ranar da za a buɗe tafki a yi su, da ranar da shanu za su sauko, da burtalin da ba a shuka a kansa.

Wannan aiki ne mai wuya, domin jama'ar ba iri ɗaya ba ce. Ga Hausawa da Fulani, ga Mangawa, ga Badawa da Gizimawa wajen Guri. Rikicin manoma da makiyaya kuwa yakan tashi, wani lokaci har da asarar rai, musamman idan ruwa ya yi jinkirin janyewa shanu suka iso kafin a yi girbi. Duk da haka na ga yadda magana mai zafi take hucewa a kan tabarma kafin ta kai gaban alƙali, saboda mai sasantawar ya san kakan wannan ya san kakan wancan, ya kuma san inda iyakar gonar take ko da ruwa ya shafe ta.

Na tuna ƙasar Tailan, wadda shinkafarta ta daɗe tana cika kasuwanninmu. Su ma a kwarin kogin Cao Faraya suke noma mafi yawan ta ban ruwa, kuma mulkinsu ya sauko daki-daki daga lardi zuwa gunduma, zuwa gungun ƙauyuka, har ƙauye guda mai shugaban da mazauna suka zaɓa. A ganina ba dace ba ne. Duk inda ruwa ke hawa yana sauka, ana bukatar mai yanke magana wanda ƙafarsa ke taka laka ɗaya da ta jama'a.

Da hunturu kuma baƙi na zuwa daga nesa. Dajin Baturiya, wanda aka sa cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci a 2008, yana karɓar tsuntsayen da suka ƙetaro Sahara daga Turai, su sauka cikin goruba da gabaruwa su yi watanni.

Damuwar mutanen fadama daga sama take gangarowa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, cikar kogi ta daina bin tsohon lokacinta. Ruwan da ake saki da rani ya hana magudanai bushewa, ciyawar kacala ta samu wurin zama ta toshe su. Sai ka ga wani gari ruwa ya cinye gonakinsa shekara da shekaru, na kusa da shi kuma yana kukan fari. Cikin kacalar nan tsuntsun jan-baki ke kwana, da safe ya faɗa wa shinkafa. Gwamnatin jiha ta kawo injinan yashe kogi, amma ƙananan magudanai har yanzu da hannu ake buɗe su. Bulama zai sa a yi shela, garuruwan da ke shan reshe ɗaya su haɗa gayya, matasa su shiga ruwa har ƙirji da lauje da adda, mata su aiko da fura, a yi ta sara har ruwa ya samu hanyar wucewa zuwa garin gaba.