Karayar Da Ba A Ɗaura Wa Kara

Hausawa kan ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ni kuwa abin da ya sami yayana a shekarar 2019 ya koya mini cewa fuskar ma tana da nata labarin da take ɓoyewa, wanda in ba a kai shi gaban masana da wuri ba, sai a yi asarar da gyaranta ke da wuya. Shi ya sa na ga ya kamata in ba 'yan'uwana ɗalibai wannan labari, domin kuwa da wuya a sami wanda ba shi da ɗan'uwa mai neman abinci a kan babur, mu kanmu ma a kansa muke zirga-zirga.

A unguwar Sabo ta Ibadan aka haife mu. Yayana ɗan acaɓa ne, kuma tun rasuwar mahaifinmu da guminsa ake ɗora tukunya a gidanmu, da shi ake biyan kuɗin makarantata. Ran nan da magariba, ana ɗan yayyafi, yana gangarowa daga wajen Mokola, sai wata motar haya ta yanko masa. Ya taka birki, babur ya zame, ya faɗi ya bugi bakin kwalbati da haɓa. Hular kwanonsa kuwa tana rataye a jikin babur. Abokan sana'arsa suka kai shi wani kemis, aka ɗinke masa yankan da ke haɓarsa, aka ba shi maganin kashe zafi, aka sallame shi. Da ƙafarsa ya shigo gida, muka yi ta hamdala, muna cewa abin ya zo da sauƙi.

Ashe da sauran rina a kaba. Kwana biyu fuska sai ƙara kumbura take yi, yawu na zuba haɗe da jini, baki ya fara wari. Inna ta tuƙa masa tuwo mai laushi, ya kai loma, ya kasa taunawa. Da na matsa kusa, sai ya ce mini da ƙyar, "Haƙorana ba sa haɗuwa kamar da. Leɓena na ƙasa kuma kamar ba a jikina yake ba."

Washegari Kawu ya zo, ya dube shi, ya ce karaya ce, a tafi wurin mai ɗori. Na sunkuyar da kai na ce, "Kawu, da an fara gwada asibiti." Ya ce, "Kai yaro, kafin a gina asibiti wa ke ɗora mu?" Na yi shiru, muka tafi. Mai ɗorin dattijo ne wanda ya gaji sana'ar. Ya shafa muƙamuƙin a hankali, ya sa ya buɗe baki, ya leƙa, sa'an nan ya juya ya ce, "Alhaji, wannan ba aikina ba ne. Hannu da ƙafa suna da wurin ɗaura kara, a haɓa kuwa ina zan ɗaura? Ku kai shi asibiti, kada ku bari ya sake kwana." Har yau ina yi wa wannan bawan Allah addu'a, domin sanin iyakar iyawa shi ma wani ilmi ne.

A babban asibiti aka tura mu sashen tiyatar baki da fuska. Da yake likitan ba ya jin Hausa, ni na zama tafinta tsakaninsa da Kawu, ta haka ne kuma na tsinci abin da na tsinta. Abin da ya ba ni mamaki shi ne bai fara da muƙamuƙin ba. Sai da ya tambaya ko ya suma a lokacin haɗarin, ko ya yi amai, ko wuyansa na ciwo, ko numfashi na yi masa wuya. Ya ce bugun da ya isa ya karya ƙashin fuska ya isa ya taɓa ƙwaƙwalwa ko ƙashin wuya. Haka kuma idan gaban muƙamuƙi ya karye ta gefe biyu, harshe kan rasa madogara ya faɗa baya ya toshe maƙogwaro, ko jini da gutsuren haƙori su shaƙe mutum. Saboda haka rai ake fara cetowa, kyan fuska ya biyo baya.

Daga nan ya shiga bincike dalla-dalla. Ya sa shi ya bi yatsansa da ido, sama da ƙasa, dama da hagu, yana tambaya ko yana ganin abu ɗaya ya zama biyu, domin ƙashin da ƙwayar ido ke zaune a kansa siriri ne ƙwarai, in ya fashe yakan danne naman da ke juya ido. Ya taɓa kumatunsa da leɓensa na sama don ya ji ko sun sage. Ya duba ko wani ruwa garai-garai na ɗiga daga hanci ko kunne, wanda alama ce ta tsagewar gindin ƙoƙon kai. Ya kama haƙoran sama ya girgiza a hankali, ya ga ko tsakiyar fuskar za ta motsa. Ya gaya mini cewa wani likitan Faransa mai suna Rene Le Fort ne, a shekarar 1901, ya bayyana layuka uku da tsakiyar fuska ta fi karyewa a kansu, bayan gwaje-gwajen da ya yi a kan gawawwaki, kuma har yau da sunansa ake kiran waɗannan karaya. Allah ya taimake mu, duk wannan babu.

Da ya ɗaga harshen yayana kuwa, sai ga jini ya kwanta a ƙarƙashi, ga jerin haƙoran ƙasa ya yi tudu da kwari. Ya ce ƙasusuwan fuska 14 ne, muƙamuƙin ƙasa ne kaɗai ke motsi a cikinsu, kuma wata jijiya na ratsa cikinsa ta fito ta ba leɓen ƙasa ji, shi ya sa leɓen ya sage. Ya ƙara da cewa wannan ƙashi a lanƙwashe yake kamar bakin ƙwarya, in ya tsage a nan, sai a nemi wata tsagar a can. Haka kuwa aka yi. Hoton ƙashi ya nuna karaya biyu, ɗaya kusa da fiƙar dama, ɗaya a kusurwar hagu bayan turame. Ya ce da tsakiyar fuska ko gurbin ido abin ya shafa, da sai an yi hoton siti-sikan. Ya kuma yi mana faɗan jinkiri, domin karayar da ta ratsa tsakanin haƙora a buɗe take ga ƙwayoyin cutar baki, in ta ruɓe ko ta haɗe a karkace, wani lokaci sai an sake karya ƙashin kafin a daidaita shi.

Hanya biyu ya shimfiɗa mana. Ko a yi tiyata a haɗa ƙashin da 'yan faranta na ƙarfen titaniyam da ƙananan ƙusoshi, mutum ya riƙa buɗe baki tun da wuri, ko kuma a ɗaura ƙarfe a jikin haƙoran sama da na ƙasa, a mayar da cizo daidai, a ɗaure su da waya har ƙashi ya kama. Wato haƙoran sama su ne karan ɗorin. Muka duba aljihunmu, muka zaɓi ta biyu.

Mako 6 yayana ya yi baki a ɗaure. Mutumin da in yana zaure ba a jin muryar kowa, ya koma magana ta tsakanin haƙora da nuni da hannu. Abincinsa kunun gyaɗa, koko, madara da romon da aka tace, yana zuƙa da siririn bututun roba. Kowane bayan ci sai kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi. An hana shi fyace hanci da ƙarfi, an kuma ba mu ɗan almakashin yanke waya, aka ce kada ya yi nisa da shi ko da dare, saboda in amai ya taso baki a rufe, yana iya shaƙe shi. Ni ke kwana da almakashin a ƙarƙashin matashina. Ya rame har wandonsa na zamewa, babur na jingine, gida ya shiga wani hali, ni ma saura ƙiris in ajiye karatu a wannan zangon.

Ranar da aka kwance wayar, da ƙyar yatsa biyu suka shiga bakinsa, sai da ya yi makonni yana motsa shi kafin ya saki. Leɓen ma sai bayan watanni ya farfaɗo. Amma haƙoransa sun haɗu daidai, yau yana cin tsirensa kamar kowa.

Na tuna a watan Janairu na 2009, da aka fara tilasta sa hular kwano a ƙasar nan, wasu 'yan acaɓa ƙwarya suka riƙa kifawa a ka don su ruɗi jami'an kiyaye haɗurra, mutane na ta dariya. Tun da na ga hoton muƙamuƙin yayana ban sake ganin abin dariya a ciki ba. Yanzu hular da yake sawa irin mai rufe haɓa ce, ba ya kuma tayar da babur sai ya ɗaure ta.

Ya ku 'yan'uwana, duk wanda ya bugu a fuska, ya ce haƙoransa ba sa haɗuwa, ko leɓe ko kunci ya sage, ko yana ganin abu biyu-biyu, ko baki ya ƙi buɗuwa, kada ƙanƙantar raunin waje ta ruɗe ku. Ku garzaya da shi asibiti a ranar, kada ku kwantar da shi rigingine, kada kuma kunyar manya ta hana ku faɗin abin da kuka sani cikin ladabi. Allah ya kiyashe mu da tsautsayi, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.