Indararon Da Ban Duba Ba

Duk shekara idan aka gama kaka, dawa ta shiga rumbu, iskar hunturu ta fara tsaga leɓe, mahaifina yakan jingina tsani a bangon gidanmu da ke cikin birnin Zariya ya hau soro. Ba ya aiken yaro. Da kansa yake hawa, da tsintsiya da guntun ƙarfe a hannu, ni kuma in biyo shi da kwando. Daga kusurwar gabas yake farawa, ba takalmi, domin a cewarsa tafin ƙafa ya fi ido gane inda daɓe ya yi laushi. Ciyawar da ta tsiro da damina ya tuge ta har saiwa. Inda ya ga tsaga ya kankare, ya zagaye wurin da gawayi. Sannan ya durƙusa a bakin kowane indararo, guda shida ne, ya zura hannu ya zaro ganyen darbejiya da kashin tattabaru da laka da ta daskare. Idan ya gama sai ya ce in zuba ruwa buta ɗaya, shi kuma ya leƙa lungu ya ga yadda ruwan ke faɗowa. In ya faɗi nesa da bango, ya ce alhamdu lillahi. In ya bi jikin bango, aiki ya samu.

Bayan soro sai gindin katanga, inda feshin ruwan sama ke cinyewa, da hanyoyin gara, da kwatar ƙofar gida. Mako na zagayowa jakuna sun kawo jar ƙasa a mangala. A kwaɓa ta da yankakkiyar ciyawa da kashin dabbobi, a tattake, a bar ta kwanaki tana tsima, a sake tattakewa, kafin magini ya ɗiba ya fara yaɓe. A ƙarshe a bi da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. Ita ke sa bango ya yi duhu-duhu, ruwa ya riƙa zamewa a kansa.

Na tsani aikin nan ina yaro, kuma ba sanyi ko faso kaɗai ya sa ba. Kunya nake ji. Abokaina na makaranta da ke Tudun Wada da Sabon Gari a gidajen bulo da kwano suke, ba wanda ke zuwa aji da jar ƙasa a farce. Na ƙudurta a raina cewa talauci ne ke hawar da Baba soro, kuma ranar da na samu hali zan raba gidanmu da wannan wahala.

Allah ya yi wa Baba rasuwa ina aiki a Kaduna. Ni ne babba, gida ya dawo hannuna. Da kuɗi suka ɗan taru na je wurin tsohon maginin da ya yi wa Baba aiki shekara da shekaru, na ce ina so a shafe gidan duka da siminti, soro da bango. Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Ɗana, ƙasa numfashi take yi. Ta sha ruwa da damina, ta fitar da rani. In ka sa mata rigar siminti, ranar da ruwa ya samu ƙofa ya shiga, ba shi da ta fita." Na ce, "Baba, zamani ya canza." Ya ce, "Ruwa bai canza ba. Ni dai ba da hannuna ba." Na yi masa sallama cikin ladabi, na nemo wani mai aikin. Aka kafa ƙusoshi da ragar waya, aka yi filasta, aka shafa fenti ruwan madara. Duk wanda ya wuce sai ya sa albarka, ana cewa marigayi ya bar baya. Daɗin maganar nan ya shige ni ƙwarai.

Hunturu uku suka wuce ban taka soron nan ba. Tsakanin Kaduna da Zariya tafiyar kamar kilomita 80 ce, kuma ina zuwa kusan kowane wata. In ci tuwo, in gaida dangi, in ajiye kuɗin cefane, in juya. Tsanin Baba yana jingine a bayan ɗakin girki har gara ta fara cinsa.

Akwai abin da ya fi damuna har yau. Ni ɗan fari ne, Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma doguwar magana da ni. A hunturu na uku ta aiko ƙanwata da saƙo: "Ki gaya wa yayanki hunturu ya shigo." Na sayi bargo biyu da buhun gawayi na aika. Na daɗe ina gaya wa mutane cewa ban fahimci saƙon ba ne. Gaskiya ita ce na fahimta sarai. Matar da ta shekara arba'in tana ganin mijinta yana jingina tsani da zarar iska ta juya, ba bargo take nufi ba. Sayen bargo ya fi mini sauƙi a kan in yarda cewa simintin da na kashe wa kuɗi bai raba mu da hawa soro ba.

A watan Agusta, lokacin malka, aka kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Daren na uku bangon ɗakin Inna da ke kallon lungu ya rufta, rabin rufin ya biyo shi. Allah ya sa tun magariba ɗigar ruwa ta kore ta zuwa ɗakin ƙanwata. Ragon maƙwabcinmu da ke ɗaure a gindin bangon ya mutu nan take. Ta wannan lungun yaran unguwa ke bi da asuba zuwa makarantar allo. Da bangon ya ƙara awa uku a tsaye, ban san da wace fuska zan ƙara shiga unguwarmu ba.

Da na iso da safe na tarar da tsohon maginin nan a wurin, ba wanda ya kira shi. Bai ce ai na faɗa maka ba. Ya kama hannuna muka hau ta ɓangaren da ya tsira. Indararo biyu na wannan gefen a toshe suke tam da leda da sheƙar tattabara da ƙurar hunturu uku da ta zama laka. Ruwa ya taru a soro kamar a kwano, ya samu wata siririyar tsaga a jikin rawani, wadda ba ta fi zare kauri ba, ya bi ta ciki. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to ranar na ga haka da idona. Ya ƙwanƙwasa filastar da ta rage, sai ƙara take kamar ganga. Ya ɓamɓaro wani yanki, bayansa tubali ya koma kunu, gara ta yi gari guda a ɓoye. Azarar giginya kuwa lafiyarta lau, gara ba ta iya mata. Bangon da ta dogara a kai ne ya narke ya sake ta. Daga waje fenti na ƙyalli, shi ya sa ba wanda ya ga komai.

Tun daga ranar na fara kallon ginin ƙasa da wani ido. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu a ƙarni na 19, da ƙasa da azara aka ɗaga bakunansa, kuma ya haura shekara ɗari yana karɓar ruwan Zazzau saboda akwai masu komawa kansa. Hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27, a tsohon garin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, itatuwa ne suka fito a jikinta ta kowane gefe, a kansu magina ke takawa idan za a sabunta yaɓe. Tun ran gini aka bar wa mai gyara wurin sa ƙafa. Baba ya san wannan. Ko da yana da kuɗin siminti, da ya hau soronsa.

Mun ɓamɓare simintin gaba ɗaya, muka sake tayar da ɗakin da tubali. Na biya maƙwabci ragonsa bayan ya ƙi karɓa sau biyu. Da na durƙusa gaban Inna ina neman gafara, ta kawar da kai ta ce, "Allah ya kiyaye gaba." Ba ta ƙara ko kalma ba.

Yanzu duk Disamba nakan ɗauki hutun mako guda in tafi gida. Hunturu ne lokacin aikin, domin bango ya bushe har ciki, kowace tsaga ta buɗe baki, kwata ta ƙafe ana iya yashe ta, magina kuma sun dawo daga gona. Sai dai iskar tana busar da yaɓe da gaggawa har ya tsattsage, don haka da sassafe ko da la'asar muke yi, a riƙa yayyafa ruwa. Ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ba ta daina sauka sai wajen Maris, saboda haka nakan koma in sake share soro da indararo kafin hadarin farko. Gidana na Kaduna na bulo da kwano ne, shi ma ban ƙyale shi ba: ƙusar da ta ɗaga, kwanon da ya yi tsatsa, ledar da ta cika kwata. Ɗana na biye da ni da kwando, yana ɓata rai kamar yadda na yi.

Ɗan'uwa mai karatu, idan kana da tsohuwa a gidan gado, kada ka tsaya ga aika kuɗi a bana. Ka je da ƙafarka da zarar iska ta juya, ka nemi tsani ka hau, ka zura hannu cikin kowane indararo, ka zuba ruwa buta ɗaya ka ga inda zai faɗi.